Rasuwar Fiffiken Bayan Motar Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta hana ni ɗaga kai, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Fiffike, wato baƙar robar nan mai kama da fiffiken jirgi da ke zaune a kan murfin but ɗin motar Yayanmu. Ya rasu da hantsin Asabar a tsakar gida, bayan shekara shida yana aiki da wata huɗu yana jinya.

Marigayi bai taɓa ɗaukar kaya ba, bai kuma ƙara wa mota gudu ba, ko da yake Yaya ya sha rantsewa yana ƙarawa. Aikinsa kwalliya ne, kuma ya riƙe shi da amana. Albarkacinsa ne tsohuwar motar nan ke shiga layi da isa. Yaya kan goge shi da hannun riga tun kafin ya gaisa da mutanen gida, har Anti, matarsa, takan ce da ita ake gogewa haka da tuni ta fi madubi ƙyalli.

Ciwon ya fara da 'yar murya, kaf-kaf, in an hau gargada. Sai ta koma ƙwaras-ƙwaras ko a kan kwalta mai laushi. Daga ƙarshe ko but aka rufe sai ya ce ƙiii, ya karkata gefe guda. Bakanike ya leƙa ƙarƙashinsa ya ce tsatsa ta cinye noti huɗun da ke riƙe da shi, ruwa mai sinadari ne ke kwanciya a gindinsu, kuma gara a cire shi kafin ya tashi a titi ya fasa gilashin wani.

Yaya ya ce ba mai taɓa shi sai shi. Ni na riƙe farantin kayan aiki. Noti na farko ya sha kananzir ya fito da sifana, yana kuka. Na biyu kansa ya gutsure. Na uku ya mulmule har filaya ta kasa kama shi, Yaya ya ɗaye ɗan yatsa. Na huɗu sai da aka sa zarto, kuma ana cikin yanka marigayi ya ce ƙas, ya rabe biyu. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe.

Ya bar huji huɗu a murfin but, da fitilun baya biyu da suka zama marayu, da Yaya wanda har yau bai ci abincin kirki ba. Ya kuma bar wani bawan Allah cikin zargi, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Tun ranar da bakanike ya yi maganar sinadari, Yaya ya ɗora laifin a kan Baba mai wankin mota, dattijon da ke zuwa da bokitinsa duk Lahadi tun kafin a sayi marigayi. Ya ce masa sabulunsa ne, kada ya sake taka ƙofar gidan nan. Baba ya ce wallahi shi da busasshen tsumma yake bin wurin, sannan ya ɗauki bokitinsa ya fita, ko ruwan bai zubar ba. Yaya ya gaya wa maƙwabta, gida biyu su ma suka sallame shi. Ina bayan labule, na ji komai, na koma ɗaki.

Yaya, ni ce. Kai kana bin motar ma'aikata Litinin zuwa Juma'a, taka tana ajiye a tsakar gida. Igiyar shanya kullum cike take da kayan jaririn Anti, ni kuma ina jin nauyin rataya tsumman goge banɗaki kusa da su. Sai na ga marigayi ga tsawo, ga rana na dukansa. Shekara biyu ina shanya tsumman a kansa, jiƙe da maganin wanke tayil, in kwashe kafin ƙarfe biyar. Ban san yana sha ba. Sau uku na zo ƙofar falo in faɗa maka, sai in tambaye ka ko a kawo shayi.

Za a yi jana'iza gobe da ƙarfe goma na safe. Gawar tana bayan tankin ruwa, na naɗe ta a tsohon zanin gado. Mai sayen tsofaffin robobi zai zo da kurarsa ya ɗauka. Za a karɓi gaisuwa a tsakar gida, ba sai an zo da komai ba.

Roƙona ɗaya. Kada a ɗaga gawar sai Yaya ya taka da ƙafarsa har bakin famfon da Baba ke zama, ya ɗauko shi, a kira gidajen nan biyu su tsaya su ji. Duk faɗan da za a yi mini na yarda, a gaban kowa. Zan fito daga ɗaki. In murya ta ƙi fita, Anti ta karanta wannan takarda, ni zan tsaya kusa da ita.

Sa hannu: Auta, mai wanke-wanken gidan.