Ranar da Na Sanar da Rasuwar Baba Yana Barci

Ba zan taɓa mantawa ba da azahar ɗin da na kashe mahaifina da bakina, alhali yana sharar barcinsa.

Ni dillalin waya ne a kasuwar Gaya, sabuwa da ta hannu. Da Baba ya fara dafe ƙirji yana haki, na ɗauko shi daga Toranke zuwa asibiti. Suka manna masa wasu 'yan faifai a ƙirji, da siraran wayoyi zuwa wani ɗan akwati da aka rataya masa a wuya. Akwatin ke aika bugun zuciyarsa ta iska zuwa allon da ke teburin nas a cikin ɗakin. Likita ya ce abin da allon ya nuna shi zai yanke ko a wuce da Baba Kano ko a sallame mu.

To, layin allon nan bai taɓa natsuwa ba. Ya yi tsalle, ya karkace, ya ɓace, na'ura ta hau ƙara. Na tambayi nas, ta ce, "Alhaji, sigina ce ba kyau, muna dubawa."

Sigina! (Ni da sigina ta gina wa gida.) A Toranke in sabis ya gudu, ɗaga waya ake yi sama. Tana fita, Baba na barci, na zare akwatin daga wuyansa, na miƙa shi ta taga ina juyawa gabas da yamma. Da na waiwayo, layin ya miƙe samɓal, ƙarar ta ƙi tsayawa. Na dubi Baba: baki buɗe, ido rufe. Wallahi na kasa taɓa shi. Na yar da akwatin na fita da salati, na kira babban wanmu: "Yaya, sai haƙuri, lokaci ya yi."

Da na dawo, Baba na zaune, nas na tsaye riƙe da wayoyin da na fizge.

"Kai ɗan nan, wa ya rasu kake wannan kururuwa?" in ji Baba.

Nas ta shafa ƙirjinsa, ta shinshina yatsanta. "Wa ke shafa masa mai?"

Ni ne. Man zaitun mai tofi da Inna ta ba ni, safe da yamma nake cusa shi har ƙarƙashin faifan don ya shiga sosai. Ta ce faifan ba sa kama fata mai maiƙo, shi ya sa layin ke hauka tun farko. Ta goge da sifirit, ta aske gashin wurin, ta manna sababbi. Layi ya daidaita. Duk abin da aka ɗauka a baya ya tashi a banza, sai da aka sake daga farko. Alhamdu lillahi, magani kawai aka rubuta masa.

Na yi ta kiran Yaya in warware, layinsa a cike, yana ta sanar da dangi. Da la'asar sai ga a-daidaita-sahu biyu maƙil, Kawu a gaba da likkafani a hammata. Baba ya karɓi yadin, ya murza, ya ce, "Ashe ko mai kyau ma ba za ku saya min ba."

Tun ranar na koyi abu guda: kafin ka sanar da rasuwa, ka fara taɓa mamacin, wataƙila yana da ta cewa.