Kujerar Hedimasta Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda babu wurin kai ƙararsa, Iya matar Hedimasta take sanar da 'yan uwa, maƙwabta da tsofaffin ɗaliban mijinta rasuwar kujerar katakon nan mai hannu biyu, wadda ta yi rayuwarta a bakin tagar falo. Ta rasu bayan gajeriyar jinya a shagon gyaran kayan ɗaki, a hannun wadda ba ta nufe ta da komai ba sai alheri. Duk wanda ya karanta wannan sanarwa ya yi dariya, Iya ta yafe masa. Ita ma da a gidan wani abin ya faru, da ta dara.

Babu wanda ya san shekarar da aka haifi marigayiyar. Abin da aka sani shi ne, lokacin da makaranta ta sauya kujerun ofis zuwa na ƙarfe, Hedimasta ya roƙi a bar masa ita, ya kawo ta gida tun yaran ba su yi wayo ba. Baƙa ce, mai nauyi, kuma a faɗi gaskiya ko da a kan mamaci ne: ba ta da kyau. A kanta yake duba takardun jarrabawa, a kanta yake jin labaran rediyo, a kanta yake yanke hukunci idan yara sun yi faɗa. Yaron da ya kuskura ya hau ta, ko mai gidan ba ya nan, ita da kanta take tona masa asiri, domin ƙafarta ta baya ta hagu ta saki a mahaɗa, kuma da an jingina sai ta ce ƙiiiƙ. Iya ta yi shekaru tana mita a kira kafinta. Hedimasta ya yi shekaru yana cewa gobe.

Darajar marigayiyar ba ta fito ba sai da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya faɗa wa mai ita. Ciwon ya tafi da gefen dama, ya tafi da harshe. Mutumin da in ya yi gyaran murya ɗaya filin makaranta yake yin tsit, ya koma sai ido. Hankalinsa yana nan garau, wannan ne ma ya fi ciwo. An gwada ba shi alƙalami a hannun hagu, ya yi wani zane kamar tafiyar kaza, ya dube shi, ya ture takardar. Da safe Iya takan kama shi ta kai shi kujera, ta gyara masa matashi, ta wuce kicin can ƙarshen lungu zuciyarta a rabe, hannu a tukunya kunne a falo.

Wata safiya tana wanke kwanuka ta ji ƙiiiƙ, doguwa. Ta leƙo, ta ga idonsa a kan kofi. Ta ba shi ruwa. Washegari ta sake jin doguwar, ta zo da kofi a hannu ba tare da ta leƙa ba, sai ta ga gefen bakinsa mai rai ya motsa. Daga nan aka buɗe makaranta, shi malami, ita ɗaliba, kujera allo. Doguwa ruwa ne. Gajeru a jere, ƙiƙ ƙiƙ, banɗaki ne, kuma a yi sauri. In ta dinga yi babu tsayawa, to mai karanta labarai ya faɗi abin da ya ɓata masa rai, a zo a kashe rediyo. Akwai kuma wata 'yar ƙarama, ƙasa ƙasa, wadda ba ta neman komai. Iya ta daɗe kafin ta gane ta. Takan zo ne idan gidan ya yi shiru da yawa, kuma ma'anarta ita ce, ina nan, ke fa? Iya takan ɗaga murya daga kicin ta ce, "Na ji ka, Malam." Shi ke nan, kowa ya ci gaba da abin da yake yi.

Iya ta sha faɗa wa kanta cewa a duk zaman aurensu ba su taɓa hira irin ta wannan lokacin ba. Da yana da baki, shi ke magana ita ke saurare. Da bakin ya tafi, sai ga shi yana tambayar lafiyarta. Amma ba ta gaya wa kowa ba. Ta yaya tsohuwa mai jikoki za ta zaunar da 'ya'yanta ta ce musu ita da ubansu suna zance da ƙafar kujera? Idan yaran sun zo gaisuwa, Hedimasta yakan zauna ƙyam, kujerar ta kama bakinta, in ma ta yi ƙara bisa kuskure Iya ta yi kamar ba ta ji ba. Kunya ce ta ɓoye sirrin, kuma kunyar nan tana cikin waɗanda suka kashe marigayiyar.

Ciwon ajali ya zo ta hannun Auta, ƙaramar 'yar gidan. Sana'arta ke nan, sayen tsofaffin kaya ta mayar da su abin ado. Tana bin gidajen da ake tashi da wuraren 'yan gwangwan, ta ɗauko abin da kowa ya raina, ta goge, ta shafa fenti, ta sa hotonsa a waya, kafin yamma masu kuɗi suna rububi. A ba ta haƙƙinta, yarinyar ta iya aiki. Abin da ta haɗa ba ya rabuwa, kuma tana alfahari da cewa babu kujerar da ta taɓa fita daga shagonta tana kuka.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da Hedimasta a asibiti, Iya ta tare a gefen gadonsa, makullin gida ya koma hannun Auta. Ta shiga falo ta tsaya tana kallon kujerar da ubanta yake wuni a kai, duk ta koɗe, hannunta na hagu ya yi sulɓi har ya lotsa saboda dafawa. Ta taɓa ta, kujerar ta ce ƙiiiƙ. Wannan ita ce maganarta ta ƙarshe a gidan, kuma ba ta sami mai fassara ba. Tausayi ya kama Auta. Ta ga ai abin kunya ne a ce tana gyara wa baƙi kujeru, ubanta yana zaune a kan mai ƙara. Ta sa aka ɗauke ta zuwa shago. A can ta zare ƙafar, ta share mahaɗar, ta cika ta da gam mai ƙarfi, ta ɗaure da ƙarfen matsewa har ya bushe. Ta goge jikin duka da samfefa, takardar nan mai kaushi, har lotsawar da tafin hannun ubanta ya yi. Ta shafa mai mai sheƙi, ta ɗinka sabon matashi shuɗi. Ba ta taɓa yi wa wani mai saye aiki da zuciya ɗaya haka ba.

Ranar da aka sallamo shi, Auta tana tsaye a falo da waya a hannu tana jiran ta ɗauki fuskarsa. Aka zaunar da shi. Ya shafa hannun kujerar yana neman gurbin tafinsa, bai samu ba. Ya jingina hagu. Shiru. Ya ƙara jinginawa da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi. Shiru. Ya ɗago ido ya dubi Iya.

"Baba, ka ji ko? Ko ƙiris ba ta yi," in ji Auta, tana murna. "Ko shekara nawa za ta yi ba za ta ƙara damun ku ba."

Iya ta dubi 'yarta, ta ga idonta har da ƙwallar farin ciki, sai ta faɗi abin da uwa take faɗa. "Allah ya yi miki albarka, Auta. Kin yi ƙoƙari."

Ba a daɗe ba abin da Iya take tsoro ya faru. Tana kicin, mai yana ƙara a kasko, ta yi ta aiki hankali kwance saboda kunnenta ya saba da cewa shiru lafiya ne. Da ta fito, ta tarar da shi ya karkace gefe ɗaya, gumi ya jiƙa masa goshi don tsabar jinginawa, sabon matashin shuɗi ya jiƙe, ƙasa ma haka. Bai dube ta ba. Ta wanke shi, ta sauya masa kaya, tana ta ba shi haƙuri, shi kuwa idonsa a rufe. Tun daga ranar bai yarda an kai shi falo ba. Yana kwance a ɗaki fuskarsa a bango, abinci sai an yi da gaske yake karɓar loma biyu.

An sayo masa ƙararrawa ta hannu. Mutumin da ya yi rayuwarsa ana kaɗa ƙararrawa don a tara yara, ba zai kaɗa wa matarsa ita ba. Ya ture ta ta faɗi ƙarƙashin gado. Ita ma Iya ba ta ɗauko ba, don ƙararrawa kalma ɗaya ta sani, zo. Ba ta iya cewa ina nan, ke fa.

Auta ce ta matsa da tambaya har Iya ta sunkuyar da kai ta gaya mata komai, da doguwa, da gajeru, da 'yar ƙaramar. Yarinyar ta ɗauki kujerar da kanta ta koma shago, ta yi ta ƙoƙarin sassauta mahaɗar da ta haɗa. Ta jiƙa da ruwan zafi, ta girgiza, ta murɗa. Gam ɗin ya ƙi, domin aikin Auta ne. Da ta sa guduma, mahaɗar ta tsaya daram, tsohon katakon ne ya tsage daga ƙafa har mazauni. Masu shagunan kusa sun ce ba su ji wata ƙara ba sai kukan Auta.

Marigayiyar ta bar 'yan uwa da dama a falon, dukkansu sun bi ta hannun Auta sun tsira da rai, in wannan rai ne. Akwai akwatin fata da Hedimasta ya tafi kwalejin horon malamai da shi, wanda yanzu aka dasa masa ƙafafu huɗu yana ɗaukar kofunan shayin baƙi. Akwai ƙafar keken ɗinkin Iya, wadda take riƙe da tukunyar fure. Akwai tsohon tsani da aka jingina a bango ana rataya masa tawul. Duk suna sheƙi, baƙi suna yabawa, kuma babu mai motsi a cikinsu. Ta kuma bar Auta, wadda take zuwa kullum ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ubanta ba ta iya shiga. Ta bar mai ita. Ta bar Iya.

Game da jana'iza, ba za a yi salla ba, an san itace ce. Iya ta hana a sa ta a wuta, ta kuma hana a mayar da guntayenta wani abin ado, ko ƙaramin katakon rataya makulli. Za a naɗe su a tsohon zanen gado, Auta ta ɗauka, a fita da su ta ƙofar baya a binne a gindin katanga, a lokacin da Hedimasta ya sami barci, don kada ya ga fitarta.

Za a karɓi gaisuwa a kicin. Kada a zo da kujera, sabuwa ko tsohuwa, an gode. Masu zuwa za su tarar da ƙofar kicin a buɗe, famfo a rufe, ba a soya komai, kuma Iya za ta iya yanke gaisuwa a tsakiya ta karkata kai wajen lungu. Kada a ɗauka wulaƙanci ne. Ana roƙon kowa ya cire takalmi a waje, ya rage murya, domin Iya tana sauraro.