Ɗan Waken Abu Mai Shayi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da rediyo ta kusa raba ni da aure ba. Lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a Roni, kuma ɗalibai sun san ni da abu ɗaya: duk yarinyar da na kama da littafin soyayya a aji, ita da shi sai a lahira. Abin da ba su sani ba shi ne, ina kai shi ɗaki in rufe ƙofa in karance shi tas.

Wanda ya fi kama ni wani ne mai ban dariya, labarin budurwar da ba ta iya komai ba sai girki da tsiwa. Ƙarshen kowane babi marubuciyar takan kawo yadda ake yin abincin da aka ci a ciki. Aka fara karanta shi a rediyo duk Asabar da la'asar, in an gama a buɗe layi masu sauraro su faɗi ra'ayinsu. Wata ta ce girke-girken suna katse mata daɗin labari, wata ta ce don su ma take saurare. Sai wata daga Babura ta ce ai maza ba sa gane irin waɗannan littattafai. Maganar ta tsaya mini a rai, na ɗauki waya.

Na shaƙe murya na ce ni ne Abu Mai Shayi daga Gwiwa. Na yaba labarin, har na faɗa wa duniya cewa na yi ƙwalla inda saurayin ya dawo da kwanon tuwo ba a taɓa ba. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai malanta ta motsa, na ce a taƙaice dai marubuciyar ba ta iya ɗan wake ba, kanwar da ta ce a sa ta yi kaɗan, sai an cika ludayi da jiƙonta mai kauri an ƙara wani. (Ni da ko ruwan zafi ban taɓa dafawa da kyau ba. Abin da na sani kawai, ina yaro na sha ganin Inna tana tsiyaya wani abu a ƙwarya.)

Washegari Rabi, wadda zan aura, ta kira ni daga Kazaure. Ta ce babu wanda bai gane ni ba a gidansu, don duk ƙasar nan ni kaɗai nake cewa "a taƙaice dai" sannan in yi ta zuba. Ta ce har Baba, mahaifinta, ya ji. Bayan kwana biyu ta sake kira, muryarta a dashe, ta ce Baba na nemana, ta kashe wayar.

Baba Alhaji ya yi aiki a fadar hakimi har ya yi ritaya, kuma ban taɓa ganin haƙoransa ba. Sati mai zuwa kawunnaina za su je masa neman auren. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na riƙa ayyana yadda zai ce ba zai ba da 'yarsa ga ƙaton da ke kuka a kan littafin mata ba, mai canja suna a rediyo kamar ɓarawo. A kan babur daga Roni har Kazaure babu addu'ar da ban karanta ba.

Na same shi a zaure, ya ɗan rame, buta a kusa da shi. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa da tsawo ba.

"Kai ne Abu Mai Shayi?"

"Ni ne, Baba, Allah ya huci zuciyarka."

Na fara rantse-rantse cewa don tarbiyyar ɗalibai nake duba littattafan. Ya ɗaga mini hannu. Ya ce karatu bai dame shi ba, shi ma ba ya barin shirin ya wuce shi. Abin da ya faru shi ne, duk duniya ba abincin da yake so kamar ɗan wake. Da ya ji muryata sai ya ce wa mutanen gida ai malamin lissafi ba zai yi kuskuren awo ba, a yi yadda na ce. Hajiya, mahaifiyar Rabi, ta yi musu, ya ce a bi ilimi. Tun daga ranar, layi ake yi a ƙofar bayi, shi kuwa da ba a taɓa rasa shi a sahun gaba ba, kwana biyu bai leƙa masallaci ba.

Na so ƙasa ta tsage. Ina neman bakin ba da haƙuri sai ga Hajiya da kanta ta turo kwano a rufe ta bayan labule. Ya buɗe. Ɗan wake ne, ya yi wani kore-kore mai duhu, warin kanwa har hanci.

"An yi maka sabo, da awonka," in ji shi. "Bismilla."

Na dubi kwanon, na tuna Rabi, na ɗauki cokali. Ɗaci kamar ana lasar sabulu, amma na cinye har da suɗe manja, yana kallona bai ƙifta ba. Da na ajiye kwanon ya gyaɗa kai.

"To, ka ce wa kawunnanka su zo. Tunda ka iya cinye ɓarnarka, za ka iya riƙe mini 'ya."

Ba sai na faɗi yadda na koma Roni ba. Manoman da ke bakin hanya sun ga babur a jingine fiye da sau ɗaya.

Yanzu 'ya'yanmu uku da Rabi, kuma har yau in za ta yi ɗan wake sai ta leƙo ta tambayi Abu Mai Shayi ko kanwar ta isa. Ina nan ina karanta littattafaina, a fili ma. Amma in an zo ra'ayi, a kan soyayyar kawai nake tsayawa, don ita ko ka yi kuskure ba a zubo maka ita a kwano.