Nomau da Layin Masu Keke

Mu masu keke a garin nan, in za mu sa wa wani albarka, Nomau ne. Daga ƙauye ya zo da matarsa Tasalla da 'ya'ya uku, suka kama ɗaki a bayan tasha. Mutumin kirki ne, sai dai yadda ka faɗi magana haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Da hukuma ta tashi ware wa kekuna layinsu a gefen titi, yayan Tasalla ya samar masa aikin shafa fenti. Tasalla ta ce, "Maigida, ka riƙe aikin nan. Ni dai na gaji da zaman ƙauye."

Wata rana shugaban aikin, Injiniya Sabitu, ya ce, "Ja farin layi daga nan har gada, kada ka karkace." Nomau kuwa bai karkace ba. Ya bi ta kan bencin mai shayi, da takalman mutum biyu da ke karyawa, da wata akuya da ke kwance. Akuyar ta miƙe ta shige unguwa, shi kuma yana bin ta yana ihu, "Dawo da layin gwamnati!"

Wata rana kuma Injiniya ya tsayar da shi gadi, ya ce, "Duk abin da ba keke ba, fitar da shi daga layin nan." Wani malamin makaranta ya taho a kan kekensa, Nomau ya tare shi.

"Malam, kai keke ne?"

"Wane irin zance ne wannan?"

"To sauka. Keke ya bi layi, kai ka bi waje."

Kafin azahar, sai ga mutane jere suna tafiya a ƙasa, kowa yana tura kekensa cikin ladabi. Injiniya ya dafe kai, ya ce, "Saura kuskure ɗaya, ka koma ƙauyenku." Da labari ya kai gida, Tasalla ta fara ɗaure tukwane.

Wata rana aka ce masa, "Je ka shafa fenti inda masu keke ke bi zuwa kasuwa." Babban titi ake nufi. Nomau ya jira har wani tsoho mai tallan burodi ya zo wucewa a kan kekensa, ya bi bayansa da bokiti, yana gudu yana shafawa. Tsoho ya kauce wa shataletalen da manyan motoci ke turereniya, ya ratsa ta bayan firamare, ya bi inuwar darbejiya, ya ɓulla kasuwa. Har inda ya ratse sayen ƙosai, Nomau bai bari ba.

Washegari Injiniya ya zo da takardar kora a aljihu, ya tarar da layin cike da kekuna, ba ƙaho, ba zagi. Ya daɗe yana kallo.

"Nomau, wa ya koya maka wannan?"

"Ranka ya daɗe, ni ban iya keke ba. Shi ya sa na bi wanda ya iya."

Takardar ba ta fito daga aljihu ba. Mu kuwa har yau muna lanƙwasawa a gaban mai ƙosai, babu wanda ya taɓa kai ƙara.