Gezar Dardumar Surukina

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba zan taɓa mantawa da ranar addu'ar arba'in ta surukina, Alhaji, a gidansa na unguwar Maamobi ba.

Ni tela ne a unguwar Nima, kowa Masta yake ce mini (kuma, Allah Ya yafe mini, sunan ya hau mini kai). Alhaji ya bar wata jar darduma, saƙar hannu ta Farisa, wadda ya saya wurin wani mutumin Iran a Makka tun matata ba ta yi wayo ba. Da arba'in ta matso, surukata Hajiya ta ce in kai ta shago in kakkaɓe, don a kanta take so malamai su zauna.

Kakkaɓewa kawai ta ce. Amma idon tela ba ya zama lafiya. Na ga jan nata bai zo ɗaya ba, gefe guda ya ɗan karkace, gezar bakinta kuma ta yi baƙi ƙirin da dauɗa. Har na ce wa matata an cuci Alhaji, waɗanda ake sayarwa a kasuwar Circle sun fi wannan tsari nesa ba kusa ba. Na ɗauki almakashi na aske gezar tas, na ɗinka mata baki da shuɗin yadi. Zaren da na yanke na cusa a matashin kai, yadda muke yi da ƙyallaye. Da safiyar addu'ar na shimfiɗa ta da kaina, na tsaya ina jiran yabo.

Aka yi karatu, aka shafa fatiha. Da liman ya miƙe sai ga jan gashi manne a farar rigarsa. Wani tsohon abokin Alhaji, Malam Idi, mutumin Nijar da ya tsufa a sayar da dardumai, ya durƙusa ya juya bayan dardumar. Ya daɗe yana shafawa.

"Wa ya yi wannan aiki?"

"Ni ne, Baba," na ce, har da gyara tsayuwa.

"Ɗana, gezar nan ba ado ba ce. Ita ce zaren da aka kafa saƙar a kai. Dubi bayan, kowane ɗigo ƙulli ne da wani ya ɗaura da yatsunsa. Bambancin launin da karkacewar, su ne shaidar hannu ne ya saƙa ba inji ba." Ya ja yadina kaɗan, ulu ya zubo masa a tafin hannu. "Yanzu za ta riƙa warwarewa daga baki."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Babu wanda ya yi dariya, wannan ya fi yi mini ciwo.

Ashe Hajiya tana bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Masta, kakkaɓe na ce ka. Tun da idon Alhaji ya tafi, da gezan nan yake lalube ya san ina gabas yake. Dauɗan da ka gani, na hannunsa ne."

Na shiga trotro, motar haya, na koma shago, na ɗauko matashin, na kawo mata ina cewa bari in farke in fito da zaren. Ta riƙe mini hannu.

"A'a. Wanda ka yanka ya isa."

Malam Idi ya yi kwana uku yana ɗaure bakin da allura, ya ceto abin da ya ragu. Matashin kuwa yana kan gadon Hajiya har yau, a gefen da Alhaji yake kwanciya.

Yanzu in an kawo mini tsohon abu, almakashina yana cikin aljihun tebur sai na gama tambaya. Kuma duk wanda ya ce mini Masta a gaban Hajiya, ƙasa nake kallo.