Ramin da Aka Tona a Bayan Tagata

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da aka same ni tsugune a bakin rami, gishiri har gwiwar hannu, ina tofa wa wani guntun ƙarfe Falaƙi da Nasi.

Ni tela ne, ina haya a wani babban gida a unguwar Aboabo, ɗaki biyu, ni da matata da 'ya'yanmu uku. Mai gidan, Hajiya Rabi, tsohuwa ce 'yar asalin Nijar, tana da kirki amma bakinta ba linzami. Ni kuwa a majalisar shago ba wanda ya kai ni cika baki cewa tsoron sammu raunin imani ne. (Allah ya yafe mini, har wa'azi nake yi a kai.)

Rigimarmu ta faro daga babur. Ina ajiye shi a zaure, ya ɗigar da baƙin mai, Hajiya ta taka ta zame, da ƙyar ta dafa bango. Maimakon in ba da haƙuri, sai bakina ya ce ai don kallon ƙasa aka yi ido. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Malam. Da ƙafarka ka shigo gidan nan, da ƙafarka za ka fita."

Bayan kwana biyu na kwashi iyalina muka tafi biki Tamale. Da muka dawo, na zagaya lungun bayan gida sai na ga ƙasar da ke gindin tagata sabuwar tona ce, ga burbushin gawayi, ga farin gishiri a warwatse. Na tambayi maƙwabciyata Mma Sala, ta rage murya ta ce, "Hajiya ne ya kawo wani mutum. Ya tona, ya kafa ƙarfe ja dogo, ya zuba gawayi da gishiri da ruwa, ya rufe. Ni dai ban tambaya komi ba o."

Nan take na haɗa zancen: kurciya! An binne mini asirin da zai sa in bar gida in shiga duniya, in bar yara uku ba uba. Matata ta ce in je in tambayi Hajiya mana. Na ce mata wa ya taɓa tambayar kura inda ta kai akuya?

Kwana uku na yi cikin tsoron da ban taɓa ji ba. Abinci ba ya wucewa. Tafin ƙafata ya yi ƙaiƙayi, na ce shi ke nan, aiki ya fara ci. Na bi ta gefen tasha, na ji ana kiran "Accra, Accra!", wallahi sai da na rungume turken wani shago don kada ƙafata ta kai ni mota. Na ɗinke wa wani mutum wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Idan na kalli ƙaramar 'yata tana wasa, sai in ji hawaye na neman zubowa, ina tunanin wa zai riƙe ta.

Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, na ce cikina na ciwo. (Na san laifi ne, ba sai kun faɗa ba.) Na ɗauki shebur na shiga lungu, baki na addu'a. Ban yi nisa da tono ba na iske kan ƙarfen, an ɗaure masa waya mai launin kore da rawaya, ta bi ta cikin ƙasa ta nufi bangon gida. Na ce to, ga igiyar da za a ja ni da ita. Na zaro babban almakashina na yanka yadi, na ɗora a kan wayar, ƙafata ba takalmi cikin taɓo.

"Ei! Malam! Saki! Saki shi!"

Na waiga. Wani ƙato ne da jakar kayan aiki a kafaɗa yake rugowa, Hajiya na biye da shi da sandarta. Ashe Masta Kofi ne, mai gyaran wuta, ya dawo duba aikinsa. Ya fizge almakashin yana haki.

"Kana so ka mutu ne? Ba ka ga sabon akwati kusa da mita ba?"

Na gani mana, kullum ina wuce shi a zaure, amma mai neman asiri ina ruwansa da akwati.

Ya ce, "Dumsor ɗin nan, ɗauke wuta kawo wuta, in lait ya tafi ya dawo da hauka, shi ke ƙona kaya. Akwatin yana kama haukan, ya tura shi ƙasa ta wannan waya. Gishiri da gawayi, don ƙasa ya sha wuta da kyau ne. Gida duka ya dogara da shi. In wani abu ya lalace a ciki kana yankawa, ƙarfe a hannu, ƙafa a ruwa, kai ne za ka zama waya. Yau ɗin nan za a yi maka salla."

Na zauna daɓas a taɓo. Sai a lokacin na tuna watan jiya wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona firjin Hajiya, ta haɗa da fankata da dutsen gugata, kuma ni na fi kowa ihu a tsakar gida cewa a yi wani abu. Da 'yar murya na tambaya me ya sa sai a gindin tagata. Ya ce duk gidan nan ne kawai ƙasa ke da laima, wani yana zubar da ruwa ta taga kullum. Wannan wanin kuwa ni ne.

Kafin in miƙe, masu dawowa daga masallaci sun cika bakin lungu, har da 'yan majalisata biyu. Ba wanda ya yi dariya, kowa Hajiya yake kallo. Ita kuwa idonta ya ciko. Ta ce, "Ashe haka ka ɗauke ni? Mai binne wa 'ya'yan mutane abu?" Ta juya ta tafi.

Wannan karon tsoron na gaske ne, don yanzu ta sami dalilin korata, kuma da hannuna na tono mata shi. Da la'asar na sa matata a gaba muka shiga ɗakinta, na durƙusa na ba da haƙurin rami, na haɗa da na babur da ya kamata in bayar tun farko. Ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, "Ɗana, da korarka nake so, ai ina da baki. Tashi ka je ka rufe ramin, yaranka ma a cikin gidan suke kwana."

Na rufe shi, Masta Kofi na tsaye a kaina yana girgiza kai. Har yau muna gidan. Abin da na koya shi ne, idan ka ɓata wa mutum rai, je ka ba shi haƙuri da wuri, tun kafin laifinka ya sa ka fara ganin boka a jikin mai gyaran wuta.