Rasuwar Tsarin Allon Ɗakin Injina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da ya rasa madogara, nake sanar da abokan aiki rasuwar Tsarin Allo na kwamfutar ɗakin injinan tura ruwa, wanda ya cika jiya da hantsi a hannun mai gyaran kwamfuta da hedkwata ta aiko.

Ga wanda bai san mamacin ba, shi ne yadda manhajarmu take zana girgizar injina biyu a allo. Marigayi Dogo, abokin zamana a teburin nan, shi ya tsara shi da hannunsa, ranar da ya gane ba na bambanta ja da kore. Bai faɗa wa kowa ba, ni ma bai tayar mini da maganar ba. Na zo da safe kawai na tarar ya raba allon gida biyu, kowane inji da gidansa, ɗaya layi rawaya mai kauri, ɗaya fari ɗigo-ɗigo, a kan baƙin fili. "Haka ya fi kyau, mutumina," ya ce, ya ci gaba da shan shayinsa.

Mamacin ya rayu mai rufin asiri. Bai taɓa cusa layi biyu a gida ɗaya ba, bai taɓa ƙanƙance lamba ba. In girgiza ta haura iyaka sai ya ce ɗit-ɗit a hankali, kamar mai jin nauyin katse hira. Shekaru ina cin abinci albarkacinsa.

Bai yi jinya ba. An sabunta manhaja, kwamfuta ta mutu ta tashi, shi bai tashi ba. Mai gyara ya ce da ni, har da murmushi, "Yallaɓai, yanzu duk rassa allo iri ɗaya ne, ja da kore, kuma an kulle wurin sauyawa. In kana son canji, sai ka kawo dalili." Dalilina kuwa shi ne abin da dokar aiki ta ce mai shi ba ya zama a kujerar nan.

Mamacin ya bar layi biyu marayu, cakuɗe a gida ɗaya, duk launin ƙasa a idona. Ya bar ni, da matata da yara, waɗanda har yanzu ban iya kai musu labarin ba. Raina ya ɓaci, ina kuma jin tsoro, rashin Dogo ya dawo mini sabo fil.

Ba za a yi wanka ba, don ko a kwandon sharar kwamfuta ba a samu gawar ba. Jana'iza yau ce bayan la'asar a ofishin manaja, ni zan ja gaba. Tun safe ɗaya daga cikin layukan nan yake hawa, ban san na wane inji ba ne, kuma ba zan bari inji ya ƙone unguwanni su rasa ruwa don asirina ya rufu ba.

Masu ta'aziyya za su same ni a gida. Daga gobe, ina jin, kullum ina nan.